Waiwaye Adon Tafiya: Tarihin Masu Zanen Sa-kai a Ƙasar Malumfashi

'Yan'uwa masu karatu, yau zan ɗan kauce daga hanyar ƙagaggun labarai da muka saba bi, in ja ku zuwa wani fage da marubutanmu ba su cika leƙawa ba, wato tarihin zane da masu yin sa a ƙasar Malumfashi da kewayenta. Ba waɗanda suka yi digiri a kan zane nake nufi ba. Ina magana ne a kan malamin firamare da yaron gareji da almajirin tsangaya da matar aure a cikin ɗakinta, mutanen da hannunsu ya faɗa da zane ba tare da wani ya zaunar da su a aji ya koya masu ba, waɗanda akasarinsu har suka koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa rubuta sunansu a ƙasan abin da suka zana ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani jirgin sama ne da na tashi na tarar a jikin bangon zauren gidanmu. Ƙanin mahaifina ne ya zana shi, Allah Ya jiƙansa, a shekarar 1977 lokacin da kakarmu ta tafi aikin Hajji. Shi malamin firamare ne, kuma duk wata taswira da ke jikin bangon makarantarsu aikin hannunsa ce. Da ragowar fentin da aka shafa wa ƙofar gida ya yi jirgin, fari da shuɗi, burushinsa kuwa asuwaki ne da ya tattauna bakinsa har ya yi laushi. Tagogin jirgin duk ya bar su farare, sai guda ɗaya da ya cike da kore, ya ce nan ne mazaunin Inna. Da ta dawo aka nuna mata, sai ta yi dariya ta ce ai ita a tsakiya aka zaunar da ita, ko leƙen tagar ba ta samu ba har suka sauka Jidda. Amma Baffa bai gyara ba. Shekaru da dama bayan rasuwarta na tambaye shi, na ce, "Baffa, cikin duk abin da ka taɓa zanawa wanne ka fi so?" Bai ko tsaya tunani ba ya ce, "Jirgin Inna mana. Sauran ai na hedimasta ne da na 'yan siyasa, wannan kaɗai ne nawa."

Bangon nan ya faɗi a wata damina mai ƙarfi, aka ta da na bulo a gurbinsa, kuma duk yawanmu a gidan babu wanda ya yi tunanin kiran mai hoto kafin a kwashe ƙasar. To tun daga ranar na fara lura cewa tarihin zane a ƙasarmu a irin waɗannan wurare aka ajiye shi, wato bangon ƙasa da bodin mota da allon karatu, kuma abin da ya ba kowane zane daraja a wurin mai shi, labarin da ke bayansa ne, wanda in ba a tambaya ba sai ya bi mai shi kabari.

KAFIN ZUWAN FENTIN GWANGWANI

Da farko ya kamata mu kawar da wani zato da ya daɗe, na cewa Bature ne ya kawo mana zane. A duwatsun Birnin Kudu ta Jihar Jigawa akwai hotunan shanu da mutanen da suka zana a jikin dutse, waɗanda masu bincike suka fara rubutu a kansu a shekarun 1950. Ka ga ke nan tun fil'azal ɗan Adam a wannan yanki yana zana abin da ya fi ƙauna, kuma abin da ya fara zaɓa shi ne dukiyarsa.

A cikin garuruwa kuwa, babban allon Bahaushe shi ne bangon gidansa. Magini kan yi yaɓe, tun ƙasar na da danshi sai ya fitar da zane da yatsunsa, ko ya ɗora ƙasa ya yi tudu-tudu, sa'annan a bi da makuba wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko kuma laso da ake haɗawa da katsin marina, domin kada ruwa ya ci. Launukan duk daga ƙasa da daji suke, farar ƙasa da jar ƙasa da gawayi da shuni. Wanda ya fi shahara a tarihin wannan sana'a shi ne Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846. Amma shi gwanin sarakuna ne. A garuruwa irin Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina, da su Kafur da Bakori da Musawa, ƙaramin magini ne ko maigidan da kansa ke yi wa ƙofar zaure dagi ko takobi ko sandar malam, gwargwadon abin da yake so baƙo ya fahimta game da shi tun kafin ya yi sallama.

A cikin gida kuma mata ne da fagen. Ana gobe Sallah ko za a kawo amarya, sai ka ga an jiƙa farar ƙasa an shafe ɗaki, an bi gindin bango da shuni ko jar ƙasa, an yi layuka da ɗige-ɗige da tsumma ko da tafin hannu, sa'annan a ɗora jere a kai. Babu wadda ta kira wannan aiki da sunan fasaha, gyaran ɗaki kawai ake ce masa, amma duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san ana gane hannun kowace mace, kamar yadda ake gane tuwonta.

Sai kuma tsangaya, inda a ganina a nan ne zane ya fi kusa da zuciyar mai shi. Idan yaro ya sauke Alƙur'ani, akan yi masa allon zayyana, a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, a kewaye su da zane mai kusurwoyi da da'irori cikin tawada baƙa da ja da rawaya da kore. Yaron zai zaga da shi gidajen dangi ana sa masa albarka ana ba shi kyauta. Wani masani ɗan ƙasar Sudan, Salah Hassan, ya wallafa littafi sukutum a 1992 a kan irin wannan fasaha ta malaman ƙasar Hausa. Ni kuwa abin da na gani da idona shi ne, wata goggona ta ajiye allonta a ƙasan adaka, naɗe cikin tsohon zane, fiye da shekara 50. Launinsa ya dushe, gefensa gara ta taɓa, amma ba ta yarda yaro ya ɗauka, domin mahaifinta ne ya zauna ya yi mata zayyanar da hannunsa, a zamanin da ba kowace yarinya ake bari ta kai sauka kafin aure ba.

A nan dole mu tsaya mu faɗi dalilin da ya sa zanenmu na gargajiya ya fi karkata ga dagi da kusurwoyi da furanni. Akwai hadisai a Buhari da Muslim da suka yi gargaɗi mai tsanani a kan sura abu mai rai, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai wannan sana'a da ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Malamai sun yi bayanai masu faɗi a kan iyakar wannan hani, kuma ba hurumina ba ne in yanke hukunci. Abin da ya shafi tarihi shi ne, wannan matsayi ya sa mai zane a ƙasarmu ya tashi da taka-tsantsan. Wani ya tsaya ga abin da ba shi da rai, kamar Baffa da ya sa kore a gurbin fuskar mahaifiyarsa. Wani kuma ya zana mutum da dabba, amma ya ƙi sa sunansa, don kada a nuna shi da baki a unguwa.

AUDUGA, JIRGIN ƘASA DA MOTAR KATAKO

Abin da ya canza fuskar zane a kudancin Katsina, in ka bi diddigi, auduga ce. Kamfanin Turawan Ingila na BCGA, wanda aka kafa a Manchester a 1902 domin samar wa masaƙunsu auduga, ya kafa injinan gurza a Funtua da Malumfashi, har yau ma akwai unguwar da ake kira da sunan kamfanin a Funtua. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Da jirgi ya zo sai kantuna suka biyo, kantuna kuma suka kawo siminti da kwanon rufi da fentin gwangwani, wanda ba ya bin ruwan sama kamar farar ƙasa. Manomin da ya kai audugarsa fuloti ya karɓi kuɗi a dunƙule, in ya sayi keke ko agogo ko rediyo, sai ya so duniya ta sani. Wannan ya sa sababbin abubuwa suka hau bango. Wani Bature da ya yi aikin mulki kuma ya koyar a Zariya, A.H.M. Kirk-Greene, ya fitar da ɗan littafi a 1963 a kan gidajen Zariya masu zane, kuma irin gidajen da aka ɗauka a hoto a wancan zamani za ka ga keke da mota da agogo sun zauna daram a gefen dagi. Abin da ya faru a Zariya shi ya faru a garuruwan auduga da ke arewa da ita, sai dai su ba su samu mai ɗaukar hoto ba.

Amma babban allon da zamani ya kawo shi ne motar katako. Manyan motocin nan, Bedford da Austin, daga baya kuma Marsandi 911, kai da inji da ƙashin baya kawai ake shigowa da su, kafintoci ne a nan gida suke ƙera masu bodi da katako. In an gama sai a kira mai fenti. Shi ne zai raba launuka, ya rubuta sunan mai mota da garinsu, ya ƙara da addu'a ko karin magana, irin su Allah Ya kiyaye hanya ko Haƙuri maganin zaman duniya, sa'annan a ƙofar baya ya zuba abin da ake so, zaki ko mikiya ko masallaci ko 'yan dambe, daga baya da sinima ta yi ƙarfi har da jaruman finafinan Indiya da na Sin. Motocin nan su ke kwasar auduga da masara da dawa daga kasuwannin Funtua da Bakori da Danja da Malumfashi zuwa Kano ta hanyar Dayi da Gwarzo, ko su nausa Kudu. Ashe ke nan aikin yaron garejin da bai gama firamare ba yakan kai Legas da Fatakwal, alhali shi ko Kaduna bai taɓa zuwa ba.

Na taɓa zama da wani dattijo a bakin wani gareji a Funtua, wanda ya yi wannan aiki tun yana saurayi har idonsa ya raunana. Na ce masa, "Baba, zakin nan da kuka riƙa yi, ina ka taɓa ganin zaki?" Ya yi murmushi ya ce a jikin kalanda ya gan shi, sai kuma a jikin motar wani, kowa daga hannun wani yake ɗauka. Da na tambaye shi wanda ya fi so cikin ayyukansa, sai ya ce ba zaki ba ne, wasu bijimai ne guda biyu, fari da baƙi, suna jan garma. Shanun huɗar mahaifinsa ne, da su ya tashi, shi ke jan akalarsu a gona, kuma cutar bushiya da ta yi wa shanun Najeriya ɓarna a 1983 ita ta kashe su cikin mako guda. Daga nan noman gidansu ya karye, shi kuma ya tattara ya shigo gari. Ya ce, "Ɗana, duk motar da na gama, in mai ita mutumin kirki ne, nakan roƙe shi ya bar ni in sa su a wani ɗan lungu a ƙasan bodi, ba na karɓar ko kwabo a kansu. In na ga motar ta wuce a titi sai in ji kamar har yanzu suna aiki."

Mai karatu, ka duba wannan magana da kyau. Wanda ya ga motar nan a hanya zai ce ado ne kawai. Amma a cikin ɗan lungun nan akwai tarihin annobar dabbobi, da karyewar gida, da ƙaurar saurayi daga ƙauye zuwa gari, abubuwan da masana ke cika littattafai da alƙaluma a kansu.

SHEKARUN YALWA DA SIYASA

Shekarun 1970 su ne kakar masu zanen sa-kai. Kuɗin man fetur ya shigo, an yi ƙarin albashin Udoji, kuma a 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin guda uku na farko a ƙasar nan tare da na Gusau da Gombe. Sababbin hanyoyi da rumbunan taki da shaguna duk suna buƙatar allon sanarwa. Mai aski yana son a zana masa kawuna da salon aski iri-iri, tela yana son keken ɗinki, mai shayi yana son buta da burodi, mai kemis yana son kwalba da allura, domin yawancin masu sayayya ba sa karanta boko, hoton shi ne rubutunsu.

A 1976 gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, makarantu suka yawaita fiye da littattafan da za a raba masu. Sai ya zama duk malamin da ke da hannu shi ne madaba'ar makarantarsu, ya zana taswirar Najeriya a bango, ya zana zuciya da huhu a kwali, ya zana sauro da ƙuda don darasin tsafta. Da yawa daga cikinmu a hannun irin waɗannan malamai muka fara ganin siffar teku da raƙumin dawa. A daidai wannan lokaci ne kuma aikin Hajji ya yawaita, har alhazan Najeriya suka haura 100,000 a 1977, sai jirgin sama da Ka'aba da barka da sauka suka hau ƙofofin gidaje. Ba mu kaɗai ke da wannan al'ada ba, a ƙauyukan kudancin Masar ma akan zana wa alhaji tafiyarsa kaf a bangon gidansa, tun daga abin hawa har ɗawafi.

Siyasa ma ta ba su abinci. Tun a Jamhuriya ta Farko akwai fartanyar NPC da tauraron NEPU. A 1979, lokacin da Malumfashi ke cikin tsohuwar Jihar Kaduna, bangaye sun cika da gida da masara na NPN da mabuɗin PRP, a zaɓen da Balarabe Musa ya kayar da Lawal Kaita, kafin majalisa ta tsige shi a 1981 mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, sai ga dokin SDP da mikiyar NRC a farkon shekarun 1990. Sau da yawa mutum ɗaya ne ke zana wa ɓangarorin biyu, da safe mabuɗi da yamma masara, don shi gwangwanin fenti bai san jam'iyya ba. Shi ya sa in ka tambayi tsofaffin masu zane, da wuya ka ji wanda ya ambaci irin wannan aiki cikin abin da yake alfahari da shi. Na neman tuwo ne. Wanda suke riƙe da shi a zuci kusan kullum shi ne wanda ba a biya su ba.

ZARIYA GA TA KUSA, GA TA NESA

Wani abin mamaki shi ne, duk wannan yana faruwa ne a maƙwabtan ɗaya daga cikin manyan makarantun zane na Afirka. A 1955 aka dawo da sashen koyar da zane na kwalejin kimiyya da fasaha daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne a 1958 wasu ɗalibai, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta yi kira a haɗa dabarun Turai da fasahar gargajiya ta gida, kuma sunayensu sun zaga duniya. Sai dai kusan dukkansu daga Kudu suka zo. Manomin Malumfashi ya san Samaru a matsayin inda ake fito da sabon irin auduga da masara, amma bai san ana koyar da zane a can ba, ɗansa mai hannu kuwa ba a taɓa ce masa wannan abin da yake yi a bayan littafinsa karatu ne da ake ba da shaida a kansa ba.

Cikin malaman jami'ar akwai wanda ya waiwayo, wato David Heathcote, Baturen Ingila da ya koyar a can daga 1967 zuwa 1979. Ya bi masu ɗinkin riga da hula da masu zanen bango da masu zayyana, ya tattara ayyukansu, har ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Ta dalilinsa ne sunan wani mai zanen bango da ya koya da kansa, Musa Yola, wanda ya yi aiki a yankin Zariya, ya shiga littattafai. Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, Musa Yola nawa ne suka rayu suka mutu tsakanin Funtua da Malumfashi da Ƙanƙara ba tare da wani ya tsaya ya tambayi sunansu ba?

A wasu ƙasashen irin waɗannan mutane sun samu masu ɗaga su. A Tanzaniya, Edward Saidi Tingatinga ya fara zane a 1968 da fentin keke a kan falankin silin, ya rasu a 1972, amma har yau akwai salon zane da ake kira da sunansa. A Kwango, Chéri Samba ya fara ne da rubuta allunan shaguna a Kinshasa, sai ga shi a babban baje kolin birnin Paris a 1989. Ba hannu suka fi namu ba. Abin da suka samu shi ne wanda ya ce masu su sa suna, ya kuma adana aikin.

BANGON LITTAFI

Ku masu karatun littattafan Hausa wannan magana ta shafe ku kai tsaye. Ku lura da hikimar harshenmu, kalma ɗaya ce muke amfani da ita ga bangon gida da bangon littafi. Lokacin da littattafan soyayya suka ɓarke a Kano daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa na 1990, da hannu ake zana bangon da yawa daga cikinsu, saurayi da budurwa a gindin bishiya, ko mota a ƙofar gidan bene, ko yarinya ta yi tagumi hawaye na zuba. Wani lokaci hannu ya fi ƙafa tsawo, wani lokaci idon ya karkace, amma wa zai manta yadda hoton nan ke sa mutum ya ciro kuɗin hayar littafi? Kuma yara nawa ne a makarantun sakandaren yankinmu suka koyi zane ta hanyar kwaikwayon waɗannan bangaye a bayan littafin lissafi?

A shekarun 1990 an tafka muhawara mai zafi a jaridu a kan waɗannan littattafai, inda ɗan garinmu Ibrahim Malumfashi ya yi fice wajen sukar abin da ya kira Adabin Kasuwar Kano, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme kuma suka shiga fagen da nasu ra'ayoyin. Muhawarar ta ta'allaƙa ne a kan jigo da tarbiyya da ingancin rubutu. Mai zanen bango kuwa yana gefe, kuma kafin a waiwaye shi finafinan Hausa sun bunƙasa, hotunan 'yan fim da aikin kwamfuta sun maye gurbinsa.

ABIN DA YA RAGE

Abin da ya sami bangon littafi shi ya sami sauran. Yau mai shago zai je wurin mai kwamfuta a buga masa bana ta roba cikin awa guda, da hoton da aka ciro daga intanet, ta yadda kan askin da ke Malumfashi shi ne a Legas shi ne a Accra. 'Yan siyasa sun koma fasta. Motar katako ta ragu a hanya, tirela da bodin ƙarfe sun karɓe ta, sitika kuma ta karɓi aikin burushi a jikin A Daidaita Sahu da babura. Gidan ƙasa ana rushe shi ana sa bulo, wanda ba laifi ba ne, kowa na son ci gaba, amma ba a ɗaukar hoton abin da ke jikinsa kafin a sa diga.

Sa'annan ga babbar musiba ta rashin tsaro. Duniya ta ji labarin sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren Ƙanƙara a Disambar 2020, amma ƙauyukan da mutanensu suka watse a yankunan Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara ba su ƙirguwa a labarai. Rai shi ne gaba da komai, babu mai haɗa shi da bango. Sai dai gidan ƙasa da mutum yake rayuwa, in babu mai yi masa yaɓe duk shekara, damina kaɗan ta ishe shi ya koma tudu. Duk ɗakin da ya zube a irin waɗannan ƙauyuka ya tafi da hannun wata uwa da ta yi masa ado, kuma 'ya'yanta da ke gudun hijira a cikin gari ba su da abin da za su nuna wa nasu 'ya'yan.

KAMMALAWA

Ba ina cewa a bar kwamfuta a koma asuwaki ba ne. Har yanzu akwai matasa masu hannu a garuruwanmu, wasu da fensir da biro suke fitar da fuskar mutum kamar a kira ta ta amsa, suna nuna aikinsu a Facebook da Instagram, kuma su kam suna sa sunansu. Roƙona shi ne a haɗa su da na gabansu tun ana tare. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da gidan adana kayan tarihi na Katsina, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Gidan Arewa na Kaduna, duk suna da hurumin wannan aiki. Amma kafin su motsa, kowannenmu yana da waya mai ɗaukar hoto a aljihunsa. In ka ga tsohon zane a zaure ko a shago ko a jikin mataccen bodi a bayan gareji, ka ɗauka. Sa'annan ka nemi mai shi ka yi masa tambaya uku: wa ya zana, a wace shekara, kuma don me. Ta ukun nan ita ce mai muhimmanci, don ita ce ba a gani a hoto.

Ku kuma marubuta, kun ba mu labarin ɗan sarki da ɗan attajiri da likita da lauya har ba adadi. Ga dattijon da ya yi shekaru yana ɓoye shanun mahaifinsa a ƙasan motocin mutane, har yanzu ba a ba shi ko babi guda ba.

Ni dai na yi sakaci da jirgin Inna, kuma Baffa ya tafi. Abin da ya rage mani shi ne in zauna da 'ya'yana in kwatanta masu da baki, in ce ga inda fiffiken yake, ga inda koren yake. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa. Wassalam.